Yadda masana ke tantance ingancin sigarin ganye, da abin da makinsu ba ya faɗa

A N'Djamena, galibin masu shan taba sun fi sanin karan sigari na kwali, irin wanda inji ke naɗewa a masana'antu. Amma akwai wata taba da kan shigo gari a jakar matafiya daga Paris ko Dubai, cikin ɗan akwatin katako, a matsayin tsaraba ga maigida ko abokin ciniki. Ita ce wadda Faransawa ke kira cigare, wato sigarin ganye: babu takarda a jikinsa, babu audugar tacewa, ganyen taba ne tsantsa da aka naɗe da hannu.

Wanda aka ba wannan tsaraba, ko ɗan kasuwar da aka yi wa tallarta, yakan rasa yadda zai gane ko ta ƙwarai ce ko ta jabu. Masana suna da hanyoyin da suke bi, kuma sanin su yana hana a cuci mutum. Sai dai abin da suke aunawa aikin manomi ne da gwanintar mai naɗi. Babu inda ma'auninsu ya taɓa lafiyar mai sha.

Abin da ke cikin kara guda

Sigarin ganye kashi uku ne. Akwai cikin, wanda Faransawa ke kira tripe, ganyaye ne da aka jera a tsaye. Akwai ganyen ɗauri da ke riƙe su wuri guda, sous-cape. Sannan akwai rigar waje, cape, ganye mai laushi da sheƙi wanda ido ke fara gani, kuma shi ne ya fi kowanne tsada.

A Kuba, inda wannan sana'a ta fi shahara, musamman a yankin Vuelta Abajo na lardin Pinar del Río, ana haɗa cikin ne daga sassa uku na shukar. Ganyen ƙasa, volado, ba shi da ƙarfi amma yana cin wuta da kyau. Na tsakiya, seco, shi ke ba da ƙamshi. Na sama, ligero, wanda ya fi shan rana, shi ke da kauri da ƙarfi, kuma a tsakiyar kara ake sa shi domin ba ya saurin ci.

Kafin ganye ya kai hannun mai naɗi, sai an shanya shi a rumfa na wajen kwana 50, sannan a tara shi tsibi-tsibi da ɗan danshi ya yi zafi da kansa. Wannan ruɓewar ta ganganci ce ke fitar da warin amoniya, mai kama da na fitsarin dabbobi a turke. Daga nan a ɗaure shi a ajiye, wani na watanni, wani na shekaru. Duk matakin da aka yi wa gaggawa, bakin mai ɗanɗano zai tona shi.

Ganyen maƙwabta

Abin da mutane da yawa a yankinmu ba su sani ba shi ne, ɗaya daga cikin rigunan da aka fi daraja a duniya a maƙwabtan Chadi ake noma shi: gabashin Kamaru, wajen Batouri, da kuma yammacin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wajen Gamboula da Berbérati. A kasuwar duniya duka ana kiran su ganyen Kamaru. Asalin irin daga tsibirin Sumatra na Indonesiya ne, kuma kamfanin taba na gwamnatin Faransa, SEITA, shi ya daɗe yana riƙe da cinikin, har ya janye a farkon shekarun 1990. Bayan nan ne iyalin Meerapfel, dillalan taba da ke Beljiyam, suka farfaɗo da harkar.

A wasu ƙasashe, sai an shimfiɗa yadi a saman gona domin rana kada ta kaurara ganyen riga. A bakin dajin Kamaru gajimare ne ke yin wannan aiki. Ganyen yakan fito siriri, launin ƙasa-ƙasa, da ƴan ƙananan ƙuraje a jikinsa inda mai ya taru, ga ɗan zaƙi da ɗan yaji. Yana da saurin yagewa, shi ya sa ba kowane mai naɗi ke iya sarrafa shi ba. Kamfanin Arturo Fuente na Jamhuriyar Dominika yana naɗe shahararrun sigarinsa na Hemingway da Don Carlos da wannan ganye. Ke nan mai yiwuwa ne rigar karan da aka kawo wa mutum daga Turai ta fito ne daga gonar wani ƙaramin manomi a kusa da kogin Kadéï, ta zagaya duniya kafin ta dawo.

Gwajin ido, hannu da hanci

Hausawa na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai. Mai tantancewa yana fara gwaji tun kafin ya kunna wuta.

Da ido zai duba rigar: launinta ya zama ɗaya daga kai zuwa gindi, babu tsaga, babu faci, jijiyoyin ganyen kwance suke ba su yi tudu ba. A akwati mai kyau, duk karan da ke jere launinsu kusan ɗaya ne, domin akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan, ware su bisa launi. Zai kuma duba kan da ake sa wa baki, ya ga ko an rufe shi da tsabta. Ƙananan huji kamar na allura alama ce ta ƙwaron taba, kuma idan ya shiga kara ɗaya yakan bi sauran.

Da hannu zai matsa karan a hankali tsakanin yatsu biyu, daga wannan kai zuwa wancan. Mai kyau yakan ɗan lotsa ya dawo. Inda ya yi tauri kamar icce, ganye ya cushe, hayaƙi ba zai wuce ba. Inda ya yi rami, ganye ya yi kaɗan, wuta za ta yi gudu ta yi zafi. Idan ya yi ƙaras-ƙaras, ya bushe.

Da hanci zai shaƙi gindin. Ana neman ƙamshin ƙasa, icce, fata, gahawa ko koko. Warin amoniya na nuna ganyen bai nuna ba, warin rima kuma na nuna ya sha danshi fiye da kima. Bayan ya yanke kan, zai zuƙi iska ta cikinsa ba tare da wuta ba. Ya kamata iskar ta zo da ɗan nauyi kaɗan, ba a toshe ba, ba kuma a buɗe wayam ba. Masana'antun Kuba suna da na'urar da ke auna wannan zuƙar kafin a sa wa kara riga.

Bayan an kunna

A nan ne aikin mai naɗi ke bayyana. Wuta ta riƙa ci daidai, zagaye guda, kada gefe ɗaya ya tsere wa ɗaya. Toka ta riƙe kanta ba ta warwatse ba, domin hakan na nuna dogayen ganyaye aka sa, ba gutsattsari ba. Launin tokar ya fi alaƙa da irin ƙasar gonar, saboda haka farar toka kaɗai ba hujjar inganci ba ce.

Mai ɗanɗano ba ya haɗiye hayaƙin zuwa ƙirji. Yakan riƙe shi a baki ya fitar, yana ba da tazara tsakanin zuƙa da zuƙa domin kada karan ya yi zafi ya koma ɗaci. Yana bambanta ƙarfi, wato yawan nikotin da ke bugun kai, da ɗanɗano, domin taba na iya yin ƙarfi ba ta da wani ƙamshi. Yana kuma lura da yadda ɗanɗanon ke sauyawa. Faransawa sun raba kara gida uku: foin, divin da purin. Na farko ciyawa ne, na tsakiya shi ne ƙololuwar daɗin, na ƙarshe kuma ruwan taki, inda kwalta da nikotin suka taru.

Mujallar Cigar Aficionado ta Amurka, wadda aka kafa a 1992, tana ba da maki bisa 100, kuma ana cire zoben takarda mai ɗauke da sunan kamfani kafin a miƙa wa masu gwaji, domin kada suna ya ruɗe su. Mujallar L'Amateur de Cigare ta Faransa kuwa da zobba take auna daraja, mafi girma shi ne biyar. Duk da haka, baki ba sikeli ba ne. Abin da mutum ya ci, ko shayin da ya sha kafin gwaji, yana iya sauya hukuncinsa.

Matsala biyu a N'Djamena

Ta farko ita ce yanayi. Sigarin ganye yana son danshin iska na kashi 65 zuwa 70 cikin 100, da sanyin digiri 16 zuwa 18. A N'Djamena kuwa, zafi yakan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, kuma iskar rani busasshiya ce ƙwarai. Karan da aka bari a kan tebur ko a mota, cikin ƴan kwanaki rigarsa za ta tsage, man da ke ba shi ƙamshi ya tafi. Da damina kuma, a watan Agusta, zafi da danshi kan haɗu su kawo rima da ƙwaro. Saboda haka karan da ya sami maki mai yawa a Paris ba lallai ya kai rabin darajarsa ba idan ya kwana biyu a nan babu akwatin danshi.

Ta biyu ita ce jabu. Sunan Cohiba, wanda aka ƙirƙiro a Kuba a 1966, shi aka fi kwaikwaya. Akwatin Kuba na gaskiya yana da hatimin gwamnati kore da fari, mai hoto mai ƙyalli da lambar da ake iya bincikawa a shafin intanet na kamfanin Habanos. A ƙasan akwatin akwai tambarin Hecho en Cuba da Totalmente a mano, da kwanan watan da aka cika shi. Akwatin Cohiba mai murfin gilashi sanannen jabu ne. Idan aka tsaga karan jabu, sau da yawa gutsattsarin ganye da shara ake samu a ciki. Farashin da ya yi sauƙi fiye da kima shi kansa gargaɗi ne, domin araha ba ta ado.

Abin da maki ba ya aunawa

Tsofaffinmu ma sun san tantance taba. Mai sayen taba gari yakan murza ganye ya shaƙa, ya san wadda ta nuna da wadda aka yi wa ha'inci, kuma ya san idan aka daka ta da kanwa, irin wadda ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi, ta fi kama jiki. Dalilin shi ne kanwa na sauƙaƙa wa nikotin ratsa fatar cikin baki. Hayaƙin sigarin ganye ma haka yake aiki: nikotin ɗinsa yana shiga jini ta baki, ko da ba a haɗiye shi ba. Shi ya sa maganar da wasu ke yi cewa wai ba shi da illa tunda ba ya zuwa huhu, ba ta da tushe.

Karan sigari na kwali yana ɗauke da taba kusan giram 1. Babban sigarin ganye kuwa yana ɗauke da giram 5 zuwa 20, wato wani kara guda ya kai kwali sukutum. Cibiyar binciken sankara ta Amurka ta tabbatar da cewa yana haddasa sankarar baki, maƙogwaro, maƙoshi da huhu, kuma hayaƙinsa na cutar da waɗanda ke zaune kusa, har da yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutane fiye da miliyan 7 a kowace shekara.

Dokar Chadi ta yaƙi da shan taba ta shekarar 2010 ta haramta shan ta a wuraren taruwar jama'a, kuma tsadar kara ba ta fitar da shi daga wannan hukunci. Tun 2015 kwalayen sigari a ƙasar ke ɗauke da manyan hotunan gargaɗi. Akwatin katakon da ya shigo a jakar matafiyi ba lallai ya zo da irin wannan hoto ba, amma abin da ke ciki ganyen taba ne dai. Malamai da dama ma sun yi hani da shan ta saboda cutarwarta.

Don haka wanda akwatin ya faɗo hannunsa yana iya gane ko manomi ya yi haƙuri da ganyensa, ko mai naɗi gwani ne, ko kuma dillali ya cuce shi. Idan kuma ya yanke shawarar kunnawa, to ya san cewa maki 95 yabo ne ga ganye da hannun da ya naɗe shi kawai. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.