Tsutsar Masara Ba Ta Mutu Ba, Ƙasa Ta Shiga

Duk damina sai an ji labarin tsutsa ta afka wa gonakin masara, bayan mako biyu kuma a ji manoma na murna wai feshi ya yi aiki, tsutsa ta tafi. Sau da yawa ba mutuwa ta yi ba. Ƙasa ta shiga domin ta sauya kama.

Wannan tsutsa, wadda aka fara gani a Afirka ta Yamma a farkon 2016 bayan ta ƙetaro daga nahiyar Amurka, 'yar wani faɗa-wuta ce. Rayuwarta hawa huɗu ce, daidai da ta malam-buɗe-littafi: ƙwai, tsutsa, zaman ƙwanso, sannan mai fukafukai. A lokacin zafi ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin kwana biyu zuwa uku, tsutsar ta yi kamar mako biyu tana ci, sannan ta nutse ƙasa ta yi kwana takwas ko tara ba ci ba sha. A ciki ne yawancin jikinta ke narkewa, a ƙera fukafukai da ƙafafu. Malam-buɗe-littafi kuwa rataye kansa yake yi a jikin ganye ko reshe, yawanci mako ɗaya zuwa biyu, amma sanyi ko rani kan sa wasu su yi watanni. Mace guda ta faɗa-wutar masara tana iya zuba ƙwai fiye da dubu. Wanda ya yi feshi bayan tsutsa ta shige ƙasa, kuɗinsa ya zubar.

Abin takaici, kakanninmu sun fi mu sanin wannan ilmi. Akwai wata tsutsa mai cin ganyen tsamiya, wadda masana ke kira Anaphe. Idan lokacin sauya kamarsu ya yi, sai su taru da yawa su saƙa gida guda na siliki. Mutanen da sukan ɗebo gidan, su dafa da ruwan toka, mata su kaɗa shi ya zama zare. Shi ne zaren tsamiya da ake yi wa babbar riga aiki da shi, Yarbawa kuma suna saƙa tufafin alfarma da irinsa. Sana'a ce da ba ta yiwuwa sai da sanin lokacin da tsutsa ke shiga ƙwanso. Yau zaren kanti ya mamaye kasuwa, masu gawayi na sare itatuwa, mu kuma duk abin da ke rarrafe a kan ganye mun ɗauke shi abokin gaba.

Ina malaman gona? Raba maganin ƙwari a gaban 'yan jarida ba ya koya wa manomi komai. A shiga gonaki a nuna masa yadda zai duba ganye ya murƙushe ƙwai, ya yi feshi da sassafe ko da yamma tun tsutsa tana ƙarama, kuma ya bambance mai ɓarna da mai amfani. Makarantun firamare ma su daina haddace hawa huɗu a allo alhali tsutsar na bayan aji.