Ku Yi Wa Fitilarku Malafa

'Yan'uwa manoma, a zagayen da na yi bayan kaka cikin ƙungiyoyinmu na wajen Ɗambatta, Makoɗa, Kunci da Tsanyawa, kuka iri biyu na yi ta ji a kan fitilun nan na sola da na caji. Waɗansu sun ce, "Malam, fitilar tana kashe ido." Waɗansu kuwa sun ce, "Ba ta da haske, yara ba su ganin rubutu." Abin mamaki, sau da dama fitila ɗaya ce a ke yi wa kukan nan biyu. A wata ƙungiya har an kawo shawara a taɓa kuɗin asusu, wanda aka ajiye domin takin bana, a sayo manyan fitilu saboda ajin yaƙi da jahilci. Na roƙe su su dakata. Da muka auna, sai muka tarar hasken ya isa, amma rabinsa yana tafiya rufin ɗaki, saura kuwa cikin idon masu karatu.

Bari mu fara da sanin abin da ke hannunmu. Ƙwan da ke cikin waɗannan fitilu shi a ke kira LED. Ba shi da lagwani, ba shi da zaren ƙarfe mai yin ja kamar tsohon ƙwan lantarki. Ɗan ƙanƙanin abu ne, bai fi ƙwayar dawa ba, wanda ke ba da haske in wuta ta bi ta cikinsa. Waɗansu masana uku 'yan ƙasar Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, su ne suka gano yadda za a yi mai shuɗin haske, aka kuwa ba su lambar girma ta Nobel a 2014 saboda wannan aiki. In kun duba ƙwan da rana za ku ga ɗan ɗigo rawaya. Wannan shafe ne aka yi a kan shuɗin, shi ke juya hasken ya zama fari.

Amfaninsa ba a ɓoye ya ke ba. Hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 ke bayarwa, LED mai wat 9 ko 10 zai ba da shi. Tun da aka janye tallafin kananzir a 2016, gidaje da yawa sun rataye fitilar ƙwai da aci-balbal. Amma akwai bambanci guda wanda ba a faɗa mana ba a kasuwa. Harshen aci-balbal yana watsa haskensa ko'ina, sama da ƙasa da gefe, kuma mai taushi ne. LED kuwa gaba kaɗai ya ke jefa nasa, kuma dukan hasken daga ɗan ɗigo ɗaya ya ke fitowa. Shi ya sa in ka dube shi sai ka ga wuta-wuta, in ka kau da kai kuma sai ka ga duhu. Gama in haske mai ƙarfi ya bugi ido, ƙwayar ido takan tsuke, sa'an nan takardar da ke gabanka ta yi maka duhu ko da akwai haske a kanta.

Maganin wannan abu uku ne, kowane da aikinsa: malafa, mayafi, da gilashin tattara haske. Ku riƙe wannan tun yanzu: babu ɗayansu da ke ƙara haske. Aikinsu su kai shi inda a ke so, kamar yadda mai lambu ke jan ruwa da kwalbati zuwa fangali. Ruwan rijiya bai ƙaru ba, amma bai ɓace a hanya ba.

Malafa

Wannan ita ce ta fi muhimmanci, ita ce kuma ba ta cin kuɗi. Malafa tana tare hasken da zai tafi gefe, ta mayar da shi ƙasa, ta kuma ɓoye ƙwan daga ido. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Waɗanda suka yi wayo a ƙarshen mulkin Obasanjo za su tuna fitilar nan ta batir da samari su ke haɗawa da 'yan ƙwayayen LED a kan tsohon faifan CD, wadda aka yi wa laƙabi "Obasanjo ya kasa". Faifan nan mai walƙiya aikin mayar da haske gaba aka sa shi. Dabarar ta yi kyau, sai dai faifan shimfiɗaɗɗe ne, ba ya kare ido ko kaɗan.

Abin da na fi so shi ne ƙwarya. Tana da arha, ba ta da nauyi, wuta ba ta bin ta, siffarta kuma daidai ta ke. A sami wadda faɗin bakinta ya kai inci 8 zuwa 10. A huda tsakiyar gindinta daidai yadda fitilar za ta zauna, fuskar ƙwan tana duban ƙasa. Sa'an nan a shafe cikinta da farin fenti ko farar ƙasa, shafi biyu. Kada a tsallake wannan, gama cikin ƙwarya yana shan haske, fari kuwa yana mayar da kamar kashi 7 ko 8 cikin 10. In babu ƙwarya, babban gwangwanin madara ko tsohuwar tasa za su yi. Maƙeran gwangwani da ke yin mazurari a kasuwanninmu za su iya buga muku mai kyau in kun kai musu awo.

Waɗansu sukan liƙa takarda mai walƙiya a ciki maimakon fenti. Na gwada duka biyu. Mai walƙiya tana jefa haske da nisa, amma dabbare-dabbare, wani wuri fau, wani wuri duhu. Domin karatu da ɗinki, fari ya fi.

Yaya za a san zurfin malafa ya isa? Ba sai da ma'auni ba. A rataye fitilar, a sa yaro mafi ƙanƙanta a gidan ya zauna a tabarma inda ya saba zama. In yana hango ƙwan da kansa, malafar ba ta yi zurfi ba, ko kuwa an rataye ta da tsawo. A yi ta gyarawa har ya zama takarda kaɗai ke shan haske. Na ce yaro, domin idonsa ya fi na kowa kusa da ƙasa, shi ne kuma ba ya faɗa in yana shan wahala, sai dai ka ga ya ture littafin ya yi barci.

Ga kuma wata ƙa'ida da muka koya a kwalejin horon malamai, wadda ban san amfaninta ba sai da na shiga aikin gona. In ka rage nisan fitila da rabi, hasken da ke sauka kan takarda ya ninka sau huɗu, ba sau biyu ba. Fitilar da ke rataye ƙafa 6 bisa tebur, in ka sauko da ita zuwa ƙafa 3, kamar ka sayi fitilu huɗu ke nan. Abin da muka yi wa ajin nan da na ambata ke nan. Fitilu uku ne a ɗaure can jikin azara. Muka sauko da su da igiya, kowace bisa benci guda, muka sa musu ƙwarya, muka shafe bangon gaba da farar ƙasa. Kuɗin taki yana nan a asusu.

Kashedi ɗaya mai girma. Mutane suna cewa LED ba ya zafi. Gabansa ne ba ya zafi. Zafin ta baya ya ke fita. Ku taɓa gindin ƙwan bayan awa ɗaya za ku ji. Zafi kuwa shi ne babban abin da ke rage kwanansa, ya dushe tun lokacinsa bai yi ba, balle a watannin bazara. Saboda haka gindin fitila ya zauna a waje, bisa malafar, inda iska ke kaɗawa. In tilas ne ya shiga ciki, a huda ramuka biyar ko shida a saman ƙwaryar domin zafi ya fita. Kada a naɗe shi da tsumma ko leda. In kuma fitilar mai ɗauke da farantin sola ce a kanta, malafar ta zama wadda a ke cirewa da safe. Wanda ke da wutar NEPA ko janareta, kada ya sa malafar ƙarfe da kansa, ya nemi mai gyaran wuta. Ƙwaryar nan kuwa ta LED ce kaɗai, kada wani ya kifa ta a kan fitilar kananzir.

Mayafi

Wani wuri ba tabo ɗaya a ke so ba, ɗakin duka a ke so ya yi haske, kamar wurin taro ko ɗakin girki. A nan sai mayafi, watau wani farin abu da haske ke ratsawa ya watsu. Gindin farar jarka mai hazo-hazo, a yanka a rufe bakin malafar da shi, ya isa. Ku sani yana cin wani kashi na hasken, in ya yi kauri ma ya ci da yawa. A ɗaga shi a rana: in ana ganin inuwar yatsu ta bayansa, ya yi. A bar tazarar inci ɗaya ko biyu tsakaninsa da ƙwan, in ba haka ba ɗigon zai fito ta cikinsa kamar ba a sa kome ba.

Kwalbar roba cike da ruwa ma tana wannan aiki in an ɗora tocila a bakinta. Wani makaniki a ƙasar Brazil, Alfredo Moser, ya ƙirƙiro irin wannan kwalba a 2002, wadda ya ke sakawa a rufin kwano ta kawo hasken rana cikin ɗaki. Sai dai kada a bar kwalbar ruwa a rana kusa da kara ko harawa, gama tana iya tattara zafin rana wuri ɗaya ta ƙona abu.

Gilashin tattara haske

Shi wannan ba a yin sa a gida, saye a ke yi, yawanci na roba ne mai tauri. Shi ne a bakin tocila. A kasuwar Sabon Gari ta Kano, wajen masu kayan wuta, za ku ga fitilu da aka rubuta musu 30° ko 60° ko 90° a kwali. Wannan faɗin hasken ne. In an rataye fitila ƙafa 8 daga ƙasa, mai 30° za ta haska wuri mai faɗin ƙafa 4, mai 60° kamar ƙafa 9, mai 90° kuwa ƙafa 16. Ƙaramar lamba, haske mai ƙarfi a ɗan wuri. Babbar lamba, haske mai sauƙi a wuri mai faɗi. Domin ƙofar rumbu ko turken dabbobi, inda a ke so a hango daga nesa, mai 30° ko 60°. Domin ɗaki, kada ku saye shi sam. Gidajenmu a nan kusa-kusa su ke, gona na jikin gona, saboda haka fitilar tsaro ta dubi ƙasa. In ta dubi gaba, tana haska gidan maƙwabci, tana kuma makantar da mai gadin kansa, ɓarawo ya laɓe a duhun da ke bayanta.

Da hunturu ƙura takan rufe gilashi da mayafi. A goge kowane mako da tsumma mai laushi da ruwa. Kada a sa fetur, yana dusar da roba.

Masu kiwon kaji

Kaza mai ƙwai tana bukatar haske awa 14 zuwa 16 a rana, ranarmu kuwa ba ta kai haka, shi ya sa a ke ƙara mata da fitila. Ba ta son mai ƙarfi. In za ka iya karanta wannan takarda a tsugune a wurin abincinsu, ya isa. A sa malafa mai faɗi da mayafi, kada a sa gilashi, gama haske mai tsanani yana sa su tsattsagar juna. Ku zaɓi ƙwai mai haske ja-ja, wanda aka rubuta wa 2700K ko 3000K, maimakon fari fat mai 6500K. Ƙwari ma ba su cika taruwa a kan ja-jan ba kamar yadda su ke yi wa farin, abin lura ga mai rataye fitila kusa da tukunyar miya da damina.

Amma 'yan tsaki maganarsu dabam ce. A da fitilar kananzir tana yi musu aiki biyu, haske da ɗumi, mu kuwa ba mu lura da na biyun ba. Bara da hunturu wata ƙungiyar mata ta sayo 'yan tsaki da bashi, suka sa musu fitilar sola mai kyau, har da malafa yadda na koya musu. Ban tuna na yi musu maganar ɗumi ba, laifin nan nawa ne. Kafin gari ya waye 'yan tsakin sun cunkushe a lungu ɗaya saboda sanyi, waɗansu da dama sun mutu. Ɗan tsako a makonsa na fari yana son zafi wajen digiri 32 zuwa 35, LED kuwa ba zai ba shi ba kome girman malafar. Sai a sa tukunyar gawayi a tsakiya, a kewaye ta da waya, a bar kafar iska a ɗakin, fitilar kuma ta tsaya kan aikinta na nuna musu ruwa da abinci.

A taron ƙungiya mai zuwa kowa ya zo da fitilarsa da ƙwarya ɗaya. Sakatare ya tanadi farar ƙasa, igiya da wuƙa mai kaifi, a kuma sa taron bayan faɗuwar rana domin a gwada a gani.