Charlie Haden: Yaron da Shan Inna Ya Ƙwace wa Murya

Uwargida, da wuya ki taɓa jin sunan Charlie Haden, kuma ba laifinki ba ne. Makaɗin jaz ne Ba'amurke, ya rasu a birnin Los Angeles ranar 11 ga Yuli, 2014, yana da shekara 76. Masana kiɗa suna tuna shi da gwanintar yatsunsa. Ni kuwa abin da ya sa na kawo miki labarinsa shi ne cutar da ta bi shi tun yana yaro, cutar da muka san ta a ƙofar gidajenmu.

An haife shi a 1937 a Shenandoah, jihar Iowa, gidan mawaƙa. Iyayensa da yayyensa suna da shirinsu a rediyo. An ce mahaifiyarsa tana rarrashinsa da waƙa, sai ta ji yana bin ta da gunguni daidai, alhali bai cika shekara biyu ba. Nan da nan aka saka shi cikin shirin. Ki duba ɗanki mai shekara biyu, ki ƙaddara muryarsa ce manoma ke saurara a rediyo.

Yana ɗan shekara 15 shan inna ya kama shi. Mu mun saba ganin cutar tana shanye ƙafa. Shi irin wadda ke taɓa jijiyoyin fuska da maƙogwaro ce ta same shi. Ya tashi, yana tafiya da ƙafarsa, amma muryar waƙa ta tafi. Lokacin babu rigakafi; sai a 1955 aka fara allurar Jonas Salk. A 1952 kaɗai mutum kusan 58,000 suka kamu a Amurka. Shekaru kaɗan ne tsakanin rashin lafiyarsa da zuwan allurar, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai.

Sai ya rungumi kayan kiɗan yayansa, wanda ake kira bass. Kamar ƙaton goge yake, tsayin mutum, mai tsirkiya huɗu, ana kaɗa shi a tsaye da yatsu. Sautinsa mai kauri ne, yana can ƙasa, ba ya neman a kula da shi, amma a kansa sauran makaɗa suke dogara. Ke da kike riƙe da gida kin san irin wannan aiki. A 1959 ya yi faifan The Shape of Jazz to Come tare da Ornette Coleman, faifan da ya sauya wa jaz alƙibla. Ya faɗa shan ƙwaya a shekarun nan, har sai da ya shiga gidan gyaran hali, ya fito.

Ba shi da tsoro. A 1971, a wani bikin kiɗa a ƙasar Fotugal, ya sadaukar da kiɗansa ga masu fafutukar 'yancin Angola da Mozambik da Gini Bisau, ƙasashen da Fotugal ke mulka a lokacin. Washegari aka kama shi a filin jirgin sama na Lisbon, aka yi masa tambayoyi, sannan aka sake shi.

Ya haifi 'ya'ya huɗu: Josh, da 'yan uku mata, Petra da Tanya da Rachel. Duk mawaƙa ne. A 2008 ya tara su da matarsa Ruth suka yi faifan Rambling Boy, na irin waƙoƙin ƙauyen da ya tashi da su. A ƙarshen faifan shi da kansa ya rera waƙa, da 'yar siririyar muryar da ta rage masa.

Bayan shekara biyu cutar ta waiwayo shi. Wannan abu ne da yawancinmu ba mu sani ba: wanda ya yi shan inna yana yaro, raunin na iya dawo masa bayan shekara talatin ko arba'in, ko da ƙwayar cutar ta daɗe da barin jikinsa, domin jijiyoyin da suka ɗauki nauyin waɗanda suka mutu sun gaji. Idan akwai mai irin wannan tarihi a gidanku, ya fara kukan kasala ko wahalar haɗiya, likita ya kamata ya gani. Haden haɗiya da magana suka yi masa wuya, ya rame, ya daina fita wasa.

Shekara shida bayan rasuwarsa, a Agustan 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna. A jihar Borno aka ga na ƙarshe a Najeriya, a 2016.