Kafin Ka Tsinke Kankanarka, Ka Auna Zaƙinta



Da yawa daga cikinmu da ke kiwon kaji ko kifi muna haɗawa da ɗan lambu, tunda ga kashin kaji ga ruwan tafkin kifi a kyauta. Matsalar ita ce, sai ka ga kankana ta yi girma tubarkalla, amma da dillali ya yanka ya ɗanɗana sai ya ji ta salam, ya karya maka farashi.

Akwai wata 'yar na'ura ta hannu, tsawonta kamar tocila, ana kiranta rifaraktomita. Irin wadda ake leƙawa da ido ba ta buƙatar batir. Idan haske ya ratsa ruwa yakan karkata, kuma gwargwadon yawan abin da ya narke a ruwan, gwargwadon karkatarsa. Wannan take aunawa, ta ba ka lamba da ake kira Biriks. Biriks 1 daidai yake da giram 1 na sukari a cikin giram 100 na ruwan sukari.

Ga yadda ake yi. Ka fara ɗiga tsabtataccen ruwa a kan gilashin, ka juya ɗan kusan da ke sama har layin ya tsaya a sifili. Ka goge, ka ɗiga ɗigo biyu ko uku na ruwan ɗan itacen, ka rufe murfin, ka fuskanci haske ka leƙa. Inda shuɗi ya haɗu da fari, nan ce lambarka. Ka yi a inuwa, don an saita ta ne a kan zafin digiri 20. Kada ka dogara da ƙwaya ɗaya, ka auna biyar ko shida daga sassan gonar.

Kankana mai kyau tana kai 10 zuwa 12. Abarba ana so ta kai 12. Tumatir yakan tsaya tsakanin 4 da 6. Ga masu sarrafa tumatirin gwangwani bambancin ba ƙarami ba ne: a lissafi, don samun kilo 1 mai Biriks 28, ana buƙatar kilo 7 na tumatir mai 4, amma kilo 5.6 ya isa idan mai 5 ne.

Ka tuna, kankana da abarba ba sa ƙara zaƙi bayan an tsinke su. Mangwaro kuwa yana ƙarawa idan ya ƙosa.

Idan lambarka ta yi ƙasa, ka duba abu biyu. Kashin kaji da ruwan kifi suna da naiturojin. Idan ya yi yawa sai ganye ya yi ta tofo, zaƙi ya ja baya. Haka ma yawan ban ruwa gab da girbi yana tsinka zaƙi, don haka ka rage a satin ƙarshe.

Wajen saye a kula. Akwai ta auna gishirin ruwa, akwai ta zuma, kuma duk kamarsu ɗaya. Ta lambu ita ce mai lamba 0 zuwa 32.

Allah Ya sa albarka a noma da kiwo.