Toshio Suzuki, Mutumin Bayan Fage

Da yawa daga cikin yaranmu sun san Totoro, amma ƙalilan ne a cikinmu suka san wanda ya tsaya tsayin daka har aka yi wannan fim na zane. An haifi Toshio Suzuki a birnin Nagoya na ƙasar Japan a shekarar 1948. Da aikin jarida ya fara a kamfanin ɗab'i na Tokuma, inda mujallar Animage ta haɗa shi da Hayao Miyazaki da Isao Takahata. Da shi aka kafa Studio Ghibli a 1985.

Aikinsa shi ne nemo kuɗi, da lallashin masu su, da kai fim gaban jama'a. Da Miyazaki ya kawo labarin yara mata biyu da suka koma ƙauye, mahaifiyarsu tana jinya a asibiti, sai masu jari suka ja da baya, domin babu faɗa a ciki, babu mugu. Suzuki ya yi dabara, ya haɗa shi da fim ɗin Takahata na marayun yaƙi, aka nuna su tare a 1988. Cinikin farko bai taka kara ya karya ba; daga baya ne 'yar tsanar Totoro ta kawo riba.

Fim ɗin Chihiro kuwa, wanda ya samu kyautar Oscar a 2003, cike yake da iskoki da abubuwan bauta na gargajiyar Japan, shi ya sa muke ganin ya kamata iyaye su zauna tare da yara idan za a kalla.

Rashin magaji ya sa a 2023 kamfanin ya koma ƙarƙashin gidan talabijin na Nippon TV.