Bayan an daskarar da tusar jaki a tafin ƙafa: a bar bororon ya yi aikinsa

Iyayen gida da dama daga Kazaure, Roni, Gwiwa har Babura suna tambaya: an kai yaro wurin likitan fata a Kano, an ɗiga masa ruwan sanyi a kan tusar jakin da ta fito masa a tafin ƙafa, ga shi wurin ya tashi bororo. Me za a shafa?

Amsa ita ce kada a shafa komai.

Wannan ruwa sinadarin nitrojin ne, sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri. Yana kashe fatar da ƙwayar cutar HPV ta zauna a ciki. Cikin kwana ɗaya ko biyu sai bororo ya tashi, wani lokaci har da jini, ya yi baƙi. Kada hankalinka ya tashi, aikin ke nan. Fatar saman bororon ita ce murfin da ke tsare sabuwar fata, don haka ban da allura, ban da reza. Toka, kanwa, tafarnuwa, man birki, duk a ajiye. Ni mai maganin gargajiya ne, amma ko zuma ban yarda a ɗora ba sai likita ya ce. A sha ta dai.

Zafin yakan yi kwana biyu ko uku, farasitamol ya isa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu wurin zai bushe, ɓawon ya faɗi da kansa. Idan gurbin ya yi fari-fari, ba kuturta ba ce, launin yakan dawo a hankali.

To, alwala fa? Muddin bororon bai fashe ba, ka wanke ƙafarka a hankali, kada ka dirje, ka tsane da tsumma mai tsabta. In ya fashe an ɗaure da bandeji, kuma ruwa zai cutar, malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin shafa a kan ɗauri, yana nan cikin Mukhtasar. Ka shafa a kan bandejin, ka wanke sauran ƙafar, sallarka ta inganta.

Masu noman rani a bakin dam da fadamu, ku haƙura da shiga taɓo da turken dabbobi har wurin ya warke. Silifas ɗin bayan gidan masallaci kuma, kowa ya zo da nasa, don cutar tana son danshi.

Fatar tafin ƙafa kauri gare ta, shi ya sa sau da yawa sai an maimaita, bayan mako biyu ko uku. Kada kuɗin mota ya sa a yanke zuwa.

In ka ga mugunya, ko kumburi yana yaɗuwa, ko zazzaɓi, ka nufi Babban Asibitin Kazaure a ranar. Mai ciwon suga kuwa, ya faɗa wa likita tun kafin a taɓa ƙafar, ya kuma riƙa duba wurin safe da yamma.

Allah Ya ƙara mana lafiya.