Me ya sa labarin wasanni da Hausa ya fi zama a rediyo?

Wata Asabar a zangon da ya wuce muna gidan kallo, wasa ya ɗau zafi, sai aka ɗauke wuta, janareto kuma ya ce bai san zance ba. Muka fito muna ta tsaki. Mai shayin bakin ƙofa ya ƙaro muryar 'yar rediyonsa, sai ga sharhin wasan nan ana zuba shi da Hausa. Mu kusan talatin muka kewaye teburinsa, a nan muka ƙarasa wasan. Abin da na lura shi ne, mutanen da suke shiru a gaban allo, a gaban rediyo kowa ya zama mai sharhi, don yanzu yana jin abin da ake faɗa.

Tun ranar nake tambayar kaina: a Ingila akwai Match of the Day na BBC tun 1964, a Amurka akwai SportsCenter na ESPN tun 1979, shirye-shiryen da kaka da jika suka kalla. Ni dai ban taso na tarar da wani shirin wasanni na talabijin da Hausa wanda zan ce Baba ma shi ya kalla da ƙuruciya ba. Abin da na gada a wurinsa rediyo ne.

Ba wai talabijin ya makara ba ne. An buɗe tashar farko a Ibadan a 1959, ta Kaduna ta biyo baya a 1962 zamanin Sardauna, a 1977 kuma aka haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA. Kano ta samu CTV, wadda yanzu ake kira ARTV, daga gwamnatin Abubakar Rimi, lokacin Haɗeja tana cikin Jihar Kano, don sai 1991 aka yanke Jigawa. Amma rediyo ya riga shi shiga gida: sashen Hausa na BBC ya fara tun 1957, ga kuma Rediyon Kaduna da manyanmu suka tashi da shi.

Dalili na farko kuɗi ne. Don kawo rahoton wasa a rediyo, mutum ɗaya da waya a bakin fili ya isa. Talabijin kuwa sai kyamarori, da masu riƙe su, da motar kai su, da mai tace hoto. In kuma wasan Turai ne, hoton kansa sayensa ake yi da dala, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin tashar jiha. Na biyu wuta. Mai noman shinkafa a fadamar Auyo, ko masunci a Guri da ke fama da kacala a cikin ruwa, ba zai ɗauki talabijin ya tafi da shi ba, amma rediyo mai batir biyu yana nan rataye a wuyansa ko a jikin kwalekwale.

Shekarar 1992 ce ta raba aikin gida biyu. A shekarar gwamnati ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo da talabijin, kuma a shekarar aka fara gasar Firimiya ta Ingila. DStv ya zo a 1995, daga baya gidajen kallo suka cika unguwanni, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, wasu tashoshin FM suka biyo ta. Sai ya zama hoto yana zuwa daga waje da Turanci, bayani kuma yana fitowa daga gida da Hausa. Ka kalla da daddare, da safe ka kunna rediyo a warware maka abin da ka gani, har ka buga waya ka zazzage wa koci ta cikinka.

Nan ne wurin da ya fi burge ni. Da yake mai sharhin rediyo ba shi da hoton da zai jingina da shi, dole harshe ya yi aikin ido. Dubi “bugun daga kai sai mai tsaron gida”. Doguwa ce, gaskiya, a gidan kallo fenariti muke cewa, amma ko tsohuwar da ba ta taɓa ganin fili ba ta gane halin da ɗan wasan yake ciki. Dubi “satar gida”, dokar da ake shan wahalar bayyanawa, kalma biyu sun gama da ita. Ga “kunnen doki” da “canjaras”, ga “lallasa” da “casa” da aka ɗauko daga masussuka aka kai fili. Wallahi in ka ji an ce an casa wata ƙungiya, ba sai an faɗa maka ci nawa ba ne.

Sai dai akwai asara a ciki. Maganar rediyo iska ce, in ta wuce ta wuce. Ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya ci Iceland a 2018 suna cikin wayar kowa, amma nemi cikakken bidiyon wasanninsa a Kano Pillars kafin ya tafi Turai ka ga aiki. Pillars ta ɗauki kofin ƙasa a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, amma yawancin abin da ya rage mana labarin baki ne. To ina ga Jigawa Golden Stars, balle damben kaka ko wasan Malam Madori da Kafin Hausa? Na gwada a ajinmu: mutum goma sha ɗaya na farkon Arsenal, an lissafo min su ba gargada. Wa ya ci kofin sassan makarantarmu shekara uku da suka wuce? Aka yi ta musu, har yau ba a daidaita ba.

Yanzu wayar da ke aljihunmu ta rushe dalilin farko, tunda kyamara ce kuma wurin tace hoto ce. Shi ya sa nake roƙon daraktan wasanni na ƙungiyarmu: gasar sassa ta bana, a sa mutum biyu su ɗauki kowane wasa, ɗaya ya yi sharhi da Hausa, a rubuta sakamako da sunayen waɗanda suka ci a littafi, a miƙa wa shugabanni masu zuwa tare da makullin ofis. Ni ina fita bana, amma kafin jarrabawa zan iya riƙe waya a wasan farko.